Ɗanku Gwani Ne, Kuma Kiɗa Yake So: Zaɓen Jami'ar Ko-ta-kwana a Amurka

Duk wanda ya tashi a Tudun Jukun ya san yadda ake cike fom ɗin JAMB: a sa ABU a gaba, Samaru ko Kongo, sannan a ajiye FCE ko Nuhu Bamalli a gefe, ko da ta ɓaci. Iyalin da suka sauka Amurka da ɗa ko 'ya a ajin ƙarshe na sakandare za su tarar filin ya fi haka faɗi. Ta shafin Common App, wanda ake buɗewa ranar 1 ga Agusta, ɗalibi na iya neman makarantu har 20. Malaman da ke ba ɗalibai shawara kan ce a kasa su gida uku: na dogon buri, na daidai ƙarfi, da na ko-ta-kwana. Yaro mai ƙoƙari shi ya fi shiga haɗari a nan, domin yabon da yake sha kan sa a cika takarda da irin su Harvard, wadda ba ta ɗaukar ko biyar cikin ɗari na masu nema. Idan kuma kiɗa yake son karantawa, makaranta ba ta zama ta ko-ta-kwana sai ta cika sharuɗɗa uku.

Na farko: shiga ba tantama

Yawancin jami'o'i na wallafa wata takarda mai suna Common Data Set, inda ake ganin yawan masu nema, yawan waɗanda aka ɗauka, da makin da suka zo da shi. Ku nemi makarantar da ke ɗaukar fiye da rabin masu nema, kuma makin ɗanku ya zarce na akasarin ɗalibanta. Wasu jihohi ma doka ce ta yanke magana. A Texas, tun 1997, ɗalibin da ya fito cikin kashi goma na sama a ajinsa na sakandaren jihar yana da gurbi kai tsaye a jami'o'in gwamnatinta, sai dai ta Austin ta matse nata ma'aunin.

Na biyu: kuɗin da aljihu zai ɗauka

Gurbin da ba a iya biyan kuɗinsa da shi da babu duk ɗaya. Tallafin gwamnatin tarayya, wanda ake nema da fom ɗin FAFSA, na 'yan ƙasa ne da masu katin zama na dindindin da waɗanda aka bai wa mafaka. Wanda ke kan bizar karatu, ko yake bin bizar mahaifinsa, ba ya ciki. Jami'o'in jiha suna da farashi biyu, kuma kafin a samu na 'yan gida yawanci sai an yi wata 12 a jihar. Doka ta wajabta wa makarantu su sa ma'aunin ƙiyasin kuɗi a shafinsu na intanet. Ku zauna da takardun harajinku ku gwada kowace. Ga mazauna Bronx, inda 'yan'uwa suke da yawa, kwalejojin CUNY na shekara huɗu suna karɓar kusan dala 7,000 a shekara daga ɗan jiha, kuma Queens College tana da makarantar kiɗa mai sunan Aaron Copland.

Na uku: ƙofar kiɗan kanta

A nan ne baƙo ya fi yin tuntuɓe. Digirin kiɗa iri biyu ne. BM na masu son zama ƙwararru ne, kusan kashi biyu cikin uku na darussansa kiɗa ne, kuma sai an yi gwaji a gaban malamai. BA kuwa ya fi sakin jiki, yana barin yaro ya haɗa da kwamfuta ko tattalin arziki. Jami'ar Indiana da ke Bloomington da ta North Texas da ke Denton suna ɗaukar akasarin masu nema, amma makarantunsu na kiɗa na daga cikin waɗanda ake ji da su a ƙasar. North Texas ce ta fara ba da digirin jaz a 1947. Sai yaro ya samu jami'a, a hana shi sashen kiɗa. Malamin da ke koyar da wani kayan kiɗa na iya samun gurbi biyu kacal a bana, masu nema kuma daga ko'ina. Curtis da ke Philadelphia ba ta karɓar kuɗin karatu tun 1928, shi ya sa shigarta ta kai ta Harvard wuya. Saboda haka duk digirin da sai an yi masa gwaji ba ya shiga lissafin ko-ta-kwana, komai gwanintar yaro.

Ku rubuta wa sashen kiɗa ku yi tambaya uku. Shin BA ɗinku ma yana neman gwaji? Idan yaro ya faɗi gwajin, gurbinsa na jami'a yana nan? Wanda ba kiɗa ne babban darasinsa ba, zai iya samun malami da shiga ƙungiyar makaɗan makaranta? Inda aka ce gurbin yana nan kuma ƙofar a buɗe take, wannan ita ce taku. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Wanda ya koya da kunne

Yaranmu da yawa sun koyi kalangu, gurmi ko fiyano a situdiyo, ba tare da sanin rubutun kiɗa ba. Gwajin BM kan nemi karanta wannan rubutu nan take, don haka a samo malami tun ana saura shekara. Amma kada a raina abin da yaro ya zo da shi. Jami'o'i irin su UCLA da Wesleyan sun daɗe suna nazarin kiɗan al'ummun duniya, kuma tun 1971 David Ames da Anthony King suka buga ƙamus na kiɗan Hausa daga binciken da suka yi a Zariya da Katsina. Iyayen da ke jin kiɗa roƙo ne su tuna ABU da kanta ta ba Mamman Shata digirin girmamawa.

Kwanakin da za a riƙe

Neman wuri da wuri kan rufe ranar 1 ko 15 ga Nuwamba. Bidiyon tantancewa na makarantun kiɗa yawanci 1 ga Disamba ne, gwajin ido da ido kuma daga Janairu zuwa Maris. Ranar 1 ga Mayu ɗalibi ke ba da amsar ƙarshe kan makarantar da ya zaɓa. Ku fara aika wa makarantun ko-ta-kwana, biyu aƙalla, domin wasu na raba tallafinsu ga waɗanda suka riga zuwa. Kafin nan ku kai yaron ya ga wurin, ya ji makaɗansu, ya duba masallaci da abinci. Idan ya ce ba zai iya zaman shekara huɗu a can ba, ku cire ta ku nemo wata tun da sauran lokaci.