Madatsar Aswan da Gine-ginen Abu Simbel

Ƙasar Masar hamada ce, ruwan sama bai cika sauka a cikinta ba. Da Kogin Nilu mutanenta suke rayuwa, shi suke sha, da shi suke noma. Amma a dā kogin ba shi da tabbas. Wata shekara ya kawo ruwa ya cinye gonaki, wata shekara kuwa ya janye, a yi yunwa. Saboda haka a cikin 1960 gwamnatin Masar ta fara gina wata babbar madatsar ruwa a Aswan, don a tara ruwan noman rani, a kuma sami wutar lantarki.

To, amma akwai wata matsala. In aka tare kogi, ruwa zai koma baya ya zama tafki mai tsawon kusan mil 300, ya haɗiye duk abin da ke bakin gaɓa. A nan kuwa akwai wani wuri da ake kira Abu Simbel. Fiye da shekara 3,000 da suka wuce, wani Fir'auna mai suna Ramsis na Biyu ya sa aka sassaƙa ɗakunan bauta guda biyu cikin dutse a wurin. A ƙofar babban ɗakin akwai siffofinsa huɗu a zaune, kowace ta fi ƙafa 60 tsawo. An daɗe da daina bauta a ciki, amma rubutun da ke jikin bango yana ba da labarin mutanen dā, da yaƙe-yaƙensu, da gwanintar hannunsu.

Yaya za a yi ke nan? A fasa madatsa, talakawa su zauna da yunwa? Ko a bar ruwa ya cinye abin da ba za a sāke samun irinsa ba?

Masar da Sudan suka nemi taimako. UNESCO, watau hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilmi da al'adu, ta yi kira ga duniya, ƙasashe wajen 50 suka amsa. Daga 1964 zuwa 1968 ma'aikata suka yi ta yanka dutsen nan da zarto, gunduwa-gunduwa fiye da 1,000, waɗansu nauyinsu ya kai ton 30. Kowace gunduwa aka sa mata lamba. Sa'an nan aka ɗaga su zuwa kan tudu, fiye da ƙafa 200 sama da inda suke dā, aka sāke haɗa su kamar ba a taɓa su ba. Har yanzu sau biyu a shekara, cikin Fabrairu da Oktoba, hasken fitowar rana yakan ratsa har ƙuryar babban ɗakin.

Duk da haka ba kome aka tsirar ba. Ganuwar Buhen ta tubali ba ta ɗaukuwa, ta nutse. Tsohon garin Wadi Halfa ma ya nutse, aka ta da dubban Nubiyawa daga ƙauyukansu da gonakin dabinonsu. An gama madatsa a 1970, Masar ta sami ruwa da wuta, baƙi kuma suna zuwa kallon Abu Simbel daga ko'ina.

Ƙasa tana bukatar hanyoyi da madatsai, tana kuma bukatar tarihinta. Abin da ya ceci Abu Simbel shi ne an yi shawara tun ruwa bai iso ba. Kafin a kafa diga, ya kamata a tambaya, me ke wurin nan? Hausawa sun ce, da tsohuwar zuma ake magani.

Tambayoyi

1. Don me aka gina madatsar Aswan?
2. Yaya aka yi aka kau da gine-ginen Abu Simbel?
3. Mene ne ruwa ya cinye?
4. Wane tsohon gini ne a garinku, wa yake kula da shi?