Kuɗin Taimako Daga Gwamnati

Jama'a, darasinmu na yau a kan kuɗin taimako ne, watau kuɗin da Gwamnati kan ba wata ƙungiya ko wani gari don a yi aikin da zai amfani kowa, kamar rijiya, ko ajin makaranta, ko ɗakin shan magani, ko kwalbati. Yanzu an fi kiransa tallafi. Duk mai zama a ƙasar Ɗambatta, ko Makoɗa, ko Bichi, ko Kunci, ko Tsanyawa, ya sha jin ana cewa, "An kai wa mutanen gari kaza tallafi, mu an tsallake mu." To, bari mu duba mu ga inda kuɗin nan ke fitowa, da abin da kan sa su sauka a wani gari su tsallake wani.

Dattawanmu sun tuna zamanin haraji da jangali. Mai unguwa ya tara ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai Baitulmali a Kano. Daga ciki En'e ke gina makarantu, tana haƙa rijiyoyi. A lokacin nan ba mai tambayar ko kuɗin wane ne, gama kowa ya ji zafin fitarsu daga aljihunsa. A cikin 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano, talakawa suka yi murna ƙwarai. Amma tun daga nan sai wasunmu suka ɗauka kuɗin Gwamnati ba su da mai su, kamar ƙudan zuman da aka tsinta a dawa.

Ba haka ba ne. Kuɗin man fetur na ƙasa ne, ƙasa kuwa mu ne. Haka kuɗin kwastan, da harajin da kamfanoni ke biya. Akwai kuma harajin kayan saye, wanda ya zama naira 7 da rabi cikin kowace naira 100 tun 2020. Ko katin waya muka sa, mun biya shi, ko mun sani ko ba mu sani ba. Kowane wata akan zauna a Abuja a raba abin da aka tara. Bisa ga tsarin rabon da aka kafa a 2004, idan an fid da rabon jihohi masu mai, cikin kowace naira 100 ta babban asusu Gwamnatin Tarayya na da naira 52 da kwabo 68, jihohi naira 26 da kwabo 72, ƙananan hukumomi naira 20 da kwabo 60. Ƙananan hukumomin nan 774 ne a Nijeriya, 44 daga cikinsu a Jihar Kano suke. Ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba su rabonsu hannu da hannu, ba ta hannun jiha ba, ko da yake an daɗe ana ja-in-ja kan yadda za a zartar da hukuncin.

Da irin kuɗin nan aka yi manyan ayyukan da muke gani. Tun zamanin Gwamna Audu Baƙo, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, aka himmatu ga tare koguna. A nan arewa muna da madatsar ruwa ta Watari a ƙasar Bagwai, da ta Tomas wajen Ɗambatta. Waɗannan Gwamnati ce ta yi da kanta, ba ta nemi ko anini a hannun kowa ba. Amma ƙananan ayyuka na ƙauye, galibi sai da sharaɗi.

Sharaɗi na fari shi ne mu ma mu zuba namu. Hausawa sun ce da ruwan ciki akan ja na rijiya. Kada mu ga kamar talaka kaɗai ake yi wa haka. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don makarantun firamare da ƙananan sakandare. Amma jiha ba ta taɓa kuɗin gine-gine sai ta fara ajiye nata daidai da abin da za a ba ta. Jihohi da dama sun bar rabonsu kwance shekara da shekaru, don sun kasa kawo nasu, ga yara kuwa na zaune a ƙasa. Ashe har gwamna ma da ruwan ciki yake ja.

Ga misalin da ya fi kusa da mu. Shirin Fadama na uku, wanda aka amince da shi a 2008 da rancen Bankin Duniya, ya shiga dukan jihohi, har da tamu, kafin a rufe shi. Idan ƙungiyar manoma na son injin ban ruwa ko injin niƙa, ita za ta kawo kashi 30 cikin 100, shirin ya cika 70. Idan aikin na gari duka ne, kamar hanya ko rumfar kasuwa, kashi 10 ake nema. Mu yi lissafi. A ce kuɗin inji naira 200,000 ne. Kashi 30 ɗinsa naira 60,000 ke nan. In mu goma ne a ƙungiya, kowa naira 6,000 zai kawo, sa'an nan a cika mana naira 140,000. Ba rowa ce ta sa aka yi wannan tsari ba. An lura abin da mutum ya sa guminsa a ciki, shi yake tashi da dare ya leƙa.

Ba kullum kuɗi ake nema ba. Sau da yawa akan karɓi yashi, da dutse, da ɗiban ruwa, da aikin ƙarfi, a ƙiyasta su a matsayin rabon gari. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, aikin gayya ne kurum aka sa a takarda.

Akwai kuma fili, kuma a nan ya kamata mu daɗe kaɗan. Ƙasarmu ba kamar ta wasu ba ce. Daga nan har Kano gona na manne da gona, ba saura, ba daji. Kowace shekara gero da dawa da wake da gyaɗa a wuri guda, da ƙarfin taki. Ko gindin kuka ka nuna, da mai shi. Saboda haka in za a haƙa rijiyar burtsatse ko a ƙara aji, lalle sai wani bawan Allah ya yanki gefen gonarsa ya bayar. Yakan bayar da baki, a yi masa addu'a, a watse. Bayan shekara ashirin Allah ya yi masa rasuwa, a zo rabon gado, gonar kuwa ba ta kai ta ishi magada ba. Sai ka ji wani ya ce uba aro ya bayar, ba kyauta ba. Shaidu sun mutu, ko sun manta. Maganin wannan takarda ce tun ranar fari. A rubuta sunan mai bayarwa, da tsawon filin da faɗinsa, da maƙwabtansa gabas da yamma, kudu da arewa. A faɗi ko kyauta ce, ko wakafi, ko saye. Shi ya sa hannu, manyan 'ya'yansa su sa, mai unguwa da dagaci su shaida. A yi ta uku: ɗaya gun dagaci, ɗaya gun ƙungiya, ɗaya gun mai gona.

Sharaɗi na biyu shi ne ƙungiya. Gwamnati ba ta iya zama da kowane magidanci ɗai ɗai. Tana son ƙungiya mai rajista, mai shugaba da magatakarda da ma'aji, mai asusu a banki da sunanta. Ƙungiyar gama kai tana bukatar mutum 10 ko fiye kafin a yi mata rajista. Mata ma suna da iko su kafa tasu, masu ƙuli-ƙuli da masu man gyaɗa da masu kiwon awaki, kuma su da suka saba da adashi sun riga mu sanin riƙon amana. Makaranta kuwa tana da kwamitin iyaye da malamai da dattawan gari. Shirin AGILE na karatun 'yan mata, wanda aka amince da shi a 2020, Kano na cikin jihohi 7 na farko da suka shiga, kuma ta hannun irin kwamitocin nan ya ba da kuɗin gyaran makarantu. Garin da kwamitinsa ke barci, sai ya ji labari a kasuwa.

To, yanzu ga inda mutane da yawa suka yi tuntuɓe. Taimako daban, rance daban. Taimako ba a biya, amma ana ba da lissafinsa. Rance kuwa bashi ne, ko da daga hannun Gwamnati ya fito. A watan Nuwamba na 2015 aka buɗe shirin rancen manoma na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi, daga baya ya iso Kano. An ba manoman shinkafa da alkama iri da taki da magani, a kan su biya bayan girbi. Wasu fari ko ambaliya ta cuce su, Allah ya mayar musu da alheri. Amma da yawa sun ɗauka rabonsu ne na arzikin ƙasa, suka ƙi biya. A ƙarshen 2023 bankin ya daina karɓar sababbin masu neman irin wannan rance. Wa aka cuta? Ƙannenmu da ke bayanmu a layi.

Don haka duk takardar da aka miƙo mana, kafin mu dangwala yatsa, mu nemi kalmar nan guda: kyauta ce ko bashi? In bashi ne, nawa za a biya, yaushe, kuma me za a riƙe in an kasa? In da Turanci aka rubuta, a kira wanda muka yarda da shi ya fassara a gaban jama'a. Mai gaskiya ba ya jin haushin tambaya. Wanda kuwa ya zo da mota yana gaggawa, yana cewa a kawo kuɗin fom yau yau, ko a faɗa masa lambar sirri ta katin banki don a sa mana tallafi, a ce masa ya dakata mu je sakatariyar ƙaramar hukuma mu tambaya. Galibi ba ya jira.

Idan Allah ya sa kuɗi sun shigo, aikin littafi ya tashi. Ma'aji ya sami littafi mai layi, ya raba shafi biyu: abin da ya shigo a hagu, abin da ya fita a dama, kowanne da ranarsa. Buhun siminti ɗaya in aka saya, a karɓi rasit a adana. Kada a yarda mutum ɗaya ya iya fid da kuɗi daga banki, sai da sa hannun mutum biyu ko uku. Kowane wata a karanta littafin da ƙarfi a dandali ko ƙofar gidan mai unguwa. Ba don ana zargin ma'aji ba ne. Shi ma littafin ne zai wanke shi ranar da tsegumi ya tashi, tsegumi kuwa ba ya rasa tashi inda kuɗi suke. Masu ba da taimako sukan ba da shi kashi kashi, ba su sakin na biyu sai sun ga lissafin na fari.

Saura gyara. Kowanmu ya san famfon da aka buɗe da kiɗa da tafi, yanzu awaki ke kwana a gindinsa, don wani ɗan ƙarfe ya lalace an rasa mai saye. Wanda ya ba da kuɗin gini ba safai yake ba da na gyara ba. Tun ranar buɗewa a yanka wa kowane gida ɗan abin da zai riƙa sawa, ko kwanon gero ɗaya da kaka, a kuma koya wa samari biyu kwance famfon da ɗaura shi.

Ga aikin aji. Kowa ya zana shafin littafin ma'aji a takardarsa. A hagu ya sa naira 60,000 daga 'yan ƙungiya, da naira 140,000 ta taimako. A dama ya sa inji naira 185,000, da kuɗin mota naira 7,000. Nawa ya rage a asusu? Sa'an nan ku haɗu uku uku ku rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban ƙaramar hukumarku, ku faɗi aikin da garinku ke bukata, da yawan gidajen da za su amfana, da abin da ku za ku kawo. Ku zo da ita ranar darasi mai zuwa, malami zai duba.