Yadda Ido Ke Gani

A bayan baƙin ido akwai wata 'yar ƙwaya garai-garai mai kama da gilashin tabarau. Ita ce ke tattara hasken da ya shigo, ta jefa shi bisa tantanin da ke can ƙuryar ido, tamkar hoton majigi a kan farin ƙyalle. A juye hoton ke sauka, ƙwaƙwalwa ce ke daidaita shi.

Da tsufa ƙwayar nan kan dushe, watau yanar ido ke nan. Masu tura ta ciki da tsinke sun makantar da jama'a da dama, abin takaici. Likitoci kuwa, a Asibitin Koyarwa na Gwagwalada ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, cire ta suke yi, su sa ta roba, gani ya komo.