Matakan Hana Ɓarawo Cankar Lambar Zama

Mai gina shafin intanet a Filinge ko Damana, ko na ƙungiyar manoma ne ko na shagon aika kuɗi, ga aikin da ke gabanka. Da zarar mutum ya shiga da kalmar sirrinsa, sabar takan ba wayarsa wata lamba, ita ce shaidarsa har ya fita. Duk wanda ya canki lambar nan ya zama mai asusun, ba ruwansa da kalmar sirri.

Na ɗaya, duba lambobin da shafinka ke bayarwa. Shiga ka fita sau da yawa, ka jera su. In suna bin juna kamar tikitin tasha, 4051 sai 4052, to mai riƙe da ɗaya ya san ta maƙwabcinsa. Manhajar Burp Suite na da Sequencer don wannan gwaji.

Na biyu, kada ka ƙera lambar da kanka. Nan ƙwararru ma ke faɗuwa. Wani ya haɗa lambar waya da lokacin shiga, ya markaɗa su da MD5, ya ga haruffa a birkice, hankalinsa ya kwanta. Ai ɓarawo ma zai markaɗa irin nasa ya sami daidai. A 2010 Samy Kamkar ya nuna a taron Black Hat cewa PHP na lokacin yana gina lambar daga adireshin intanet, agogo da janaretar lambobi mai rauni, har ana iya canko ta. Yi amfani da random_bytes a PHP 7 zuwa sama, ko secrets a Python. Ƙungiyar OWASP na cewa kada bazuwar lambar ta gaza bit 64. Ni ina ganin ka ɗauki 128 ka huta.

Na uku, sauya lambar da zarar an shiga, don kada wani ya dasa wa mutum tasa tun farko.

Na huɗu, ajiye ta a kuki mai Secure da HttpOnly, ba cikin adireshin shafi ba, don mutanenmu na tura adireshi a WhatsApp ba tare da dubawa ba.

Na biyar, sa mata wa'adi, kuma sabar ta goge ta idan an fita. A ƙauyukan Kurfai waya ɗaya kan zagaya gida guda, ta kuma yini a shagon caji. Sannan dokar Nijar kan kare bayanan mutane ta ɗora wa mai riƙe da su nauyin tsaronsu, hukumar HAPDP kuwa ita ke sa ido.