Amsoshin Tambayoyinku: Labarin na Marubuci ne ko na Masoyansa?

Malam Nura daga Daddara, ƙaramar hukumar Jibiya, yana tambaya: me ya sa masoya ke tayar da jijiyar wuya idan aka sauya labari, kamar lokacin da Fati Washa ta gaji Nafisa Abdullahi a matsayin Sumayya a shirin Labarina? Shin mu kaɗai ke haka?

Malam Nura, mun gode. Ba mu kaɗai ba ne. A Amurka akwai wasan tebur mai suna Traveller, da ya fito a 1977, inda abokai ke zama kowa ya ɗauki matsayin matafiyi a wata daular taurari. A 1993 masu ƙirƙirar wasan suka kawo sabon salo, wai ƙwayar cutar kwamfuta ta rusa daular baki ɗaya. Masoya da dama suka ce atafau, domin shekaru suka yi suna gina jarumansu a cikinta. Wanda ya sa hannu ya gina labari, yana jin yana da gado a cikinsa.

Wani zai ce marubuci ke da labarinsa, kuma labarin da ba ya motsi tsami yake yi. Gaskiya ne, amma a wasan tebur masoyi ma marubuci ne. Shi ya sa a 1998 kamfanin Steve Jackson Games ya fitar da GURPS Traveller, inda daular ba ta taɓa faɗuwa ba. Masu kallon Labarina kuwa ba su da wannan zaɓin, tunda Aminu Saira ke riƙe da akalar shirin.