Shawarwari Kan Furta Dogon Sunan Magani

A Yasore da ƙauyukan da ke tsakanin Batsari da Safana, sau da yawa yaro ake aika kemis da saƙon baki: "Ka ce a ba ka mai kulo-kulo ɗin nan." Wannan saƙo yana tayar mini da hankali, domin magungunan da ke farawa da kulo suna da yawa, kuma aikinsu ya sha bamban.

1. A gutsuttsura sunan gaɓa-gaɓa, kamar yadda ake bi da yaro a farfaru. A rufe kalmar da yatsa, a riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan. Chlorpheniramine, maganin mura da ƙaiƙayi da aka fi sani da Piriton, sai ya zama kulor-fe-ni-ra-min. Gaɓa biyar ke nan.

2. Rubutun Turanci ba ya bin furuci. A irin waɗannan sunaye ph ana faɗarsa f, ch kuma k, e ta ƙarshe ba a furta ta.

3. Kada a yanke wa suna wutsiya, nan ne babban haɗarin. Kulorfuro-famaid, wanda ake rubutawa chlorpropamide, na masu ciwon suga ne; idan mai mura ya sha shi, sugansa na iya faɗuwa har ya suma. Chlorpromazine na taɓin hankali ne, chloramphenicol na kashe ƙwayoyin cuta. Kansu ɗaya, bambancin yana daga tsakiya zuwa ƙarshe, daidai wurin da mai gaggawa ke haɗiyewa.

4. Iyaye mata su riƙe gaɓar "salfa". Rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida da shi da damina, ga yara daga wata 3 zuwa 59, yana ɗauke da sal-fa-dok-sin. Septrin ma dangin salfa ne, kuma ba a haɗa su. Idan yaro yana shan Septrin, ko salfa ta taɓa fito masa da ƙuraje, a gaya wa ma'aikaciyar rigakafin kafin ta ba shi.

5. In an je asibitin Batsari, ba abin kunya ba ne a ce, "Malama, don Allah maimaita mini a hankali." Mai waya ya naɗi muryarta.

6. Ko bakin ya iya faɗa, a haɗa ɗan aike da takardar likita ko tsohon kwalin maganin, mai kemis ya gani da idonsa kafin ya miƙo.