Abincin birni ba ya jure tafiya

Aikina duba-gari ne, kuma a nan kudancin Jigawa na yi mafi yawansa, tsakanin garuruwan Birnin Kudu da na Gwaram. Iyayenmu sun san duba-gari da leƙa randa da masai da kwatami, har gobe kuma muna yi. Sai dai a 'yan shekarun nan wani abu ya shigo mana wanda ƙauye bai saba da shi ba, wato amai da gudawa da ke biyo abincin da aka sayo daga birni cikin roba mai murfi.

Kowa ya ga yadda zamani ya juya. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011 garin ya cika da ɗalibai da ma'aikata, gidajen cin abinci na zamani suka yi ta buɗewa. Kano kuwa ba a magana. Duk wanda ya bi Titin Gidan Zoo ko unguwar Nasarawa da daddare ya san abin da nake nufi: gilasai, fitilu masu launi, sanyin na'ura, da kusurwar da aka ƙawata don ɗaukar hoto. Yaron garin Unguwar Ya da ya gama karatu yana so ya kai mahaifiyarsa da ƙannensa su ma su gani. Ango na son fita da amaryarsa. Abokai su haɗa kuɗi su je shan ruwa da azumi, ko yawon Sallah. Ban ga laifin ko ɗaya ba. Zumunci ne, gidajen nan kuma sun ɗauki matasanmu da yawa aiki, ni ma nakan kai iyalina in hali ya yi.

Damuwata tana kan abin da ke faruwa bayan an tashi daga tebur. Mutumin kirki ba ya cin daɗi ya manta da na gida. Da ya ƙoshi sai ya ce a ƙulla masa tekawe, ɗaya na Inna, ɗaya na yara, ɗaya na maƙwabta. Halin nan mai kyau ne, amma abincin da ake ƙullawa ba irin wanda muka gada ba ne. Ku duba tsarabar da: kilishi, dambun nama, ƙuli-ƙuli, alkaki, nakiya, dabino. Duk an busar da su, ko an soya su ƙayau, ko zaƙi ya tsare su, shi ya sa fatake ke ratsa daji da su kwana da kwanaki ba su lalace ba. Tuwo in ya kwana, da safe ɗumame ake yi, miya ta tafasa sosai kafin kowa ya sa hannu. Soyayyiyar shinkafa kuwa, da haɗin kabeji da karas mai bama, da shawarma, da kek mai kirim, da askirim, duk an tsara su ne a kan cewa akwai firji mai wuta dare da rana. Da sun bar wuta ko sun bar sanyi, lokacinsu ya fara ƙarewa.

Wata bazara an kira ni wani gida a ɗaya daga cikin ƙauyukan da ke kewaye da Unguwar Ya. Yara uku da kakarsu ne kwance, amai ba ƙaƙƙautawa, har sai da aka ɗauki tsohuwar zuwa asibiti a Birnin Kudu aka yi mata ƙarin ruwa. Na zauna da maigidan a zaure muka bi sawun abin da aka ci. Ya ce jiya ya je Kano sarin kaya, bayan azahar ya shiga wani sabon gidan abinci da abokansa, ya sa aka ƙulla masa shinkafa da kaza da haɗin kabeji. Ledar ta zauna a tasha ana jiran mota ta cika. Ta shiga but, kusa da kayan da rana ta gasa. Aka bi Wudil, aka bi Kwanar Huguma, bai iso gida ba sai bayan isha'i, yara sun yi barci. Uwargida ta ɗora ledar a kan kwalla a ɗaki. Da safe ta ɗan ɗumama shinkafar a kan garwashi, kabejin kuwa haka aka ci shi.

Ya ce mini, "Malam duba-gari, wallahi gidan abincin nan babba ne, ƙasan wurin ma kana ganin fuskarka. Ni ma shi na ci, ga ni garau."

Na ce, "Alhaji, kai da zafinsa ka ci. Su kuwa sai da ya yi awa 18 a leda."

Abin da ya fi taɓa ni a gidan nan shi ne raɗe-raɗin da na tarar a tsakar gida, wai ko wata ce ta sa wa yaran hannu. Saura ƙiris a ɗora wa baiwar Allah laifin da ba ta ji ba ba ta gani ba. Na sha ganin irin wannan, zargin sammu ya raba 'yan uwa alhali robar shinkafa ce ta kwana.

Ga yadda abin yake. Ƙwayoyin cuta sun fi yaɗuwa a abinci idan ɗuminsa yana tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Salshiyas. In suka sami yadda suke so, wasunsu kan ninka kansu duk minti 20. Ku yi lissafi: ƙwaya ɗaya tak ta haura 260,000 cikin awa 6. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba wuta ba sanyi, masana kuma sun rage shi zuwa awa 1 in zafin gari ya haura digiri 32. Mu nan daga Maris zuwa Mayu zafi kan kai 40, cikin but ɗin mota kuwa ya fi haka. Daga Kano zuwa Birnin Kudu kaɗai ya cinye awa biyun nan, tun ba a sa zaman tasha ba.

Shinkafa tana da nata sharrin na daban. Akwai wata ƙwayar cuta, Bacillus cereus, da ke zuwa tare da ɗanyar shinkafa tun daga gona, kuma dahuwa ba ta kashe irinta. In shinkafar ta huce aka bar ta, sai ta farfaɗo ta zuba dafi, dafin nan kuma ɗumame ba ya karya shi. Shi ya sa amai ke tasowa cikin 'yan awoyi ko da an ɗumama. Haka dafin wata ƙwayar da ke zaune a hanci da fatar mutum, wadda ke shiga abinci ta hannun mai haɗa shawarma ko mai yanka kaza. Kuma kada ku dogara da shinshinawa. Abincin da ya yi tsami ko yauƙi kowa zai zubar, amma wanda ke kwantar da mutane sau da yawa ƙamshinsa na nan, ɗanɗanonsa na nan.

Ba kullum laifin tafiya ba ne, wani lokaci tun daga kicin aka samo matsalar. In na je gidan abinci da aiki, ta ƙofar baya nake shiga, kuma firiza nake fara buɗewa. Na taɓa buɗe wata a wani gida mai kyan gaske daga waje. Ɗanyun kaji ne a sama cikin ledar da ta ɓule, ruwan jini na ɗiga a kan kwanon yankakken latas da kabeji da ke ƙasa. Ƙanƙarar jikin firizar ta narke ta sake daskarewa da jan ruwa a cikinta, alamar ana kashe janareta da dare don tsimin mai. Katakon yanka guda ɗaya ne, da shi ake gyara kaza, da shi ake yanka kokwamba, a goge da tsumman da ke rataye a kafaɗar kuku. Wurin wanke hannu akwai famfo, babu sabulu. Yaran da ke aikin ba mugaye ba ne, ba wanda ya taɓa zaunar da su ya koya musu. Mai gidan ya kashe miliyoyi a fitilu da kujeru, kicin kuwa ya bar shi a lungu. Na kuma ga gidaje, har da ƙananan rumfunan mata masu tuwo a bakin tasha, da tsabtarsu ta burge ni, don komai nasu daga wuta yake zuwa kwano. Tsadar wuri ba ta ba ni tabbacin komai ba tukuna.

Akwai kuma cutar da ke ɓuya a jikin mai dafa abinci shi kansa. A birnin New York na Amurka an yi wata kuku, Mary Mallon, wadda a 1907 aka gano tana ɗauke da ƙwayar taifod tana yaɗa ta a gidajen da ta yi aiki, ita kuwa lafiyarta ƙalau. Saboda irinta ne muke matsa wa masu gidajen abinci su riƙa kai ma'aikatansu gwajin lafiya lokaci-lokaci, kuma duk wanda ke gudawa ko yake da gyambo a hannu a ba shi hutu. Taifod kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu, wani lokaci fiye, kafin ta bayyana, lokacin mutum ya manta inda ya ci me.

Kada a ɗauka ƙaramin abu ne. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 ya nuna mutum miliyan 600 ke kamuwa da ciwo duk shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 su mutu, kuma 125,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Mu nan ba mu manta da 2021 ba, shekarar da kwalara ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya ta kashe fiye da 3,600, Jigawa da maƙwabtanmu Bauchi da Kano na cikin jihohin da suka fi jin jiki. A shekarar ce kuma ɗaruruwan mutane suka kwanta asibiti a Kano, wasu suka rasu, bayan shan lemon da aka haɗa da gurɓataccen garin ɗan tsami. Don haka abin sha ma abin lura ne: zoɓo da kunun aya da lemon kwalba marar lambar NAFDAC, da ƙanƙarar da ake jefawa a kofi ba a san ruwan da aka yi ta da shi ba.

To me mutum zai yi in ya fita da iyalinsa? Kafin ku zauna, ka leƙa banɗakin wurin. In ba ruwa ba sabulu a inda baƙi ke gani, kicin ba zai fi shi ba. Ka nemi abin da za a dafa yanzu, ya zo yana tururi. Shinkafar da ke jere a bayan gilashi, in ɗumi-ɗumi ce kawai, ka bar ta. Ka tsaga cinyar kaza har ƙashi, in da ja ko ruwan jini ka mayar a sake gasawa, haƙƙinka ne kuma ba rashin kunya ba ne. Haɗin kabeji da duk abin da aka sa wa bama ko kirim ya zo da sanyinsa. Ƙananan yara da masu juna biyu da tsofaffi, ni shawarata a bar su a kan dafaffe mai zafi, domin abin da zai ba saurayi murɗar ciki ta yini ɗaya shi ne zai kai jariri ko kaka gadon asibiti.

Batun tsaraba kuwa, nan na fi so a ji ni. In gida ya fi tafiyar awa ɗaya ko biyu, kada a ƙullo shinkafa da kabeji da shawarma. A sayo burodi, ko cincin, ko kilishi, ko lemo da ayaba da kankana ba yankakkiya ba. In dole sai an zo da nama, a raba shi da kayan ganye tun a can, da isowa a mayar da shi wuta ya yi zafi har cikinsa, a cinye a daren. Abin da ya kwana a roba ba firji, a zubar, ko nawa aka saye shi. Na san zubar da abinci na da nauyi a zuciyar duk wanda ya san wahalar noma, ga tsadar rayuwa. Amma kuɗin mota zuwa Birnin Kudu da ƙarin ruwa da magani sun ninka kuɗin robar nan.

In kuma abin ya riga ya faru, rashin ruwa a jiki ne ke kisa. A fara ba da ruwan gishiri da sukari nan take. In babu na leda, a sami lita 1 ta ruwa mai tsabta, wato fiya wata biyu, a zuba sukari shafaffen cokalin shayi 6 da gishiri rabin cokalin shayi, a riƙa ba da shi kaɗan-kaɗan ko da ana amai. Mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono. Yaro a haɗa masa da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14, ana samunta a asibitin sha-ka-tafi. Kada a ruga kemis a haɗo magunguna barkatai don tsayar da gudawa. Idan an ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi mai zafi, ko idanu sun faɗa, ko fitsari ya ɗauke, ko maɗigar jariri ta lotsa, ko gudawar ta koma kamar ruwan wankin shinkafa, a tafi asibiti ko tsakar dare ne. Ragowar abincin kuma kada a ba kowa, a ajiye mana shi da ledarsa, a sanar da ofishin lafiya na ƙaramar hukuma. In mutum biyu ko uku suka kwanta bayan cin abu ɗaya, labarin da kuka kawo da wuri shi zai sa mu je mu duba kicin ɗin kafin wani gidan ya ci.

Masu gidajen abinci na Dutse da Kano da Birnin Kudu, don Allah ku sa wa kicin ido kamar yadda kuke sa wa zauren baƙi. Ku raba katakon nama da na ganye, ku ajiye sabulu, ku bar firiza da wuta har safe. Kuma duk wanda ya ce a ƙulla masa tekawe, yaronku ya tambaye shi, "Ranka ya daɗe, ina za a kai?" In ya ce Unguwar Ya ko Sara ko Basirka, a gaya masa gaskiya cewa kabejin nan da shinkafar nan ba za su kai ba.